Wa Zai Ga Bayansa?

Jawabin kwamitin kula da kayan ƙungiya a taron cika shekara goma



Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba da mataimakiyarta, iyayenmu da suka taso tun daga Auyo da Malam Madori da Kirikasamma, 'yan'uwa mata, mazajenmu da suka bar kasuwa da gona suka zo taya mu murna, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a buɗe kuloli, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ji bayanin kuɗi daga bakin ma'ajiya, an ji na bashi da na riba. Mu 'yan kwamitin kula da kaya mu huɗu ne, aka ce mu ma mu tofa albarkacin bakinmu. Da muka ce a kan fenti da falanki za mu yi magana, wata daga cikin iyayenmu ta riƙe haɓa ta ce, "Ranar biki guda, ku rasa abin faɗa sai aikin kafintoci?" Hajiya, a yi mana haƙuri a saurare mu. A cikin shekara goman nan babu abin da ya kusa raba kanmu kamar falanki goma sha biyu, kuma akwai wani nauyi da muka daɗe muna ɗauke da shi, yau muke so mu sauke a gabanku.

Waɗanda suka daɗe a cikinmu sun tuna lokacin da muka kama shago, a farkon shekarar 2020. Aka tara kuɗi, aka sayo falankin filawud guda goma sha biyu, siririn nan da kafintoci ke kira kwata. Da shi aka yi ƙofofin kabad, da bayan kanta, da wasu hawa na kantar, da allunan shanya sabulu, da allon suna na bakin ƙofa, da allon ajinmu na yamma. Mai fenti ya zo, wani dattijo, ya zagaya ya duba, sai ya ce, "Hajiya, a bar ni in shafe bayansu da bakunansu tun ba a kafa ba. Garin nan ba ya son katako tsirara." Muka tambaye shi nawa za a ƙara. Ya ce fentin zai kusa ninkawa. Muka dubi juna, muka ce, "Haba Baba, wa zai ga bayansa? Ai bango ne kaɗai zai gani." Ya ce, "Bangon ne kuwa abin tsoron." Muka yi dariya, muka ce ya shafe fuska kawai. Ya shafe, ta yi kyau, shuɗi da fari, har masu wucewa suna tsayawa kallo.

Kowa a nan ya san daminar da ta biyo baya. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, gidaje suka zube, samarin garin nan suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Mu shagonmu ruwa bai shiga ba. Ko ɗigo. Rufin ma bai yi yoyo ba. Amma kafin ƙarshen watan Satumba ƙofofin kabad duk sun banƙare, kusurwoyinsu sun ɗago waje, sakata ta ƙi shiga. Allunan sabulu suka koma kamar kasko, sabulun da aka jera ya riƙa gangarowa tsakiya yana manne wa juna. Hawa ɗaya na kanta ya lotsa da daddare, kwalaben man gyaɗa suka zubo ƙasa. Ta kafar da ƙofar kabad ta bari ɓeraye suka shiga. Suka ci ƙuli-ƙuli, suka ci sabulu, suka bi ta kan littafin zubi, wanda dama hunhuna ta riga ta kama. Shafukan wata uku suka lalace.

To, asarar mai da sabulu mai sauƙi ce, an mayar. Ta littafin ce ta zama fitina. Wannan ta ce ta yi zubi huɗu, waccan ta ce uku ta gani. Daga nan magana ta juya kan ma'ajiyarmu: wai ita ta sayo falanki mai araha ta soke canji. An faɗa a bayan idonta, an faɗa a gidan suna, har ta kai kunnen mijinta. Mutum biyu suka fita daga ƙungiya a kan wannan magana. Mu kuwa da muka san abin da mai fenti ya gaya mana, da amsar da muka ba shi, muka yi gum.

Abin da ya tona gaskiya shi ne allon aji. Falanki iri ɗaya ne da sauran, daga mota ɗaya aka sauke su, a ɗaki ɗaya suka yi damina, amma shi yana nan miƙe kamar ranar da aka yanka shi. Da muka bincika, ashe malamar ajin ce ta sa ɗanta ya shafe shi da baƙin fenti gaba da baya, don in fuska ɗaya ta cika da rubutu ta juya ɗayar. Yaron kuma da fenti ya rage masa, sai ya bi bakunan duka huɗu ya shafe. Allon nan ga shi can an jingine a bakin rumfa, duk mai so ta je ta duba bayan an tashi. Ashe falankin ba shi da laifi, ma'ajiya ba ta da laifi. Mu ne muka yi wa katako rabin sutura.

Daga nan muka shiga tambaya, wajen kafintoci da masu fenti da wani ɗanmu da ya yi karatun aikin katako. Abin da muka koyo shi ne za mu ba ku, don kada wata ta sake biyan kuɗin makarantar da muka biya.

Katako ko an sare shi an busar, bai daina shan ruwa ba. Daga iska yake sha. Kun ga yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano da damina ba wanda ya zuba masa ruwa, ashana ta ƙi kamawa, ƙofar ɗaki ta cije sai an sa mata kafaɗa, in hunturu ya zo kuma ta saki har tana ƙara? To wannan laimar ce. Katako in ya sha sai ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. A ƙasarmu kuwa tazarar da ke tsakanin lokutan biyu ba kaɗan ba ce. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70, wani lokaci 80. Masana katako sun auna cewa a busasshiyar iska irin ta hunturu ruwan da ke jikin katako bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa ba, a iska mai laimar kashi 80 kuwa yakan kai wajen kashi 16. Bari mu sauko da lissafin ƙasa. Falankin kwata guda, mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, nauyinsa wajen kilo 10 ne. Tsakanin hunturu da tsakiyar damina zai iya shan ruwa kusan lita guda, wato ledar fiya wata biyu, alhali ko yayyafi bai taɓa shi ba.

Mu kuma a Haɗejia abin ya fi na wasu garuruwan. A bakin fadama muke zaune. Ruwan Kogin Kano da na Challawa, wanda ake tarewa a madatsar Tiga tun 1974 da ta Challawa tun 1992, duk ta nan yake bi kafin ya wuce Nguru da Gashuwa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya sauri, ga kacala ta toshe masa hanyoyi da yawa. Sai ya kwanta, ƙasa ta ƙoshi, bango ya riƙa jan danshi daga tushe. Kowace a cikinmu ta san tabon nan da ke hawa jikin bango kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa. Duk abin da aka manna wa wannan bango, bayansa a cikin danshi yake kwana. Abin da dattijon nan yake nufi ke nan, muka ɗauka zolaya ce.

Shi filawud ba katako guda ba ne. Ana ɗora gungumen itace a kan inji yana juyawa, wuƙa tana fere shi falle-falle, kamar yadda yaro ke feƙe fensir. Sai a jera fallayen a manne su da gam, jijiyar wannan a tsaye, ta na bisansa a kwance, kamar saƙar tabarma. Shi ya sa galibi adadinsu mara ne, uku ko biyar ko bakwai, don abin da ke wannan gefe ya yi daidai da na wancan. Hikimar ke nan: falle na gaba yana ja, na baya yana ja da ƙarfi ɗaya, sai falanki ya tsaya a miƙe. An daɗe ana yin sa a ƙasar nan, tun zamanin Turawa aka kafa babbar masana'antarsa a Sapele, ko da yake yanzu da yawan wanda ke kasuwa daga Sin ake shigo da shi. Ya sauka a bakin teku inda iska ke jiƙe, ya hau mota zuwa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga can ya iso mu. Kafin ya zo hannunmu ya riga ya sha ya bushe ba sau ɗaya ba.

Yanzu ku duba abin da muka yi. Muka rufe fuska da fenti, muka bar baya a buɗe. Damina ta zo, baya ya sha laima ya kumbura, fuska ba ta samu ta sha ba. Ɗaya ya ƙara faɗi, ɗaya yana nan yadda yake, kuma a manne suke. Ina mafita? Dole ya lanƙwashe, baya ya yi tozo, fuska ta yi rami. Hunturu ya zo, bayan ya riga fuskar bushewa, sai ya juya ta ɗaya gefen. Shekara biyu ana wannan kai da komo, gam ya gaji, fallaye su fara ɗayewa. Ku dubi bangon littafin 'ya'yanku na makaranta, mai sheƙi a waje, takarda zalla a ciki, yadda yake nannaɗewa da damina. Abu ɗaya ne. Kuma iya sirantar falanki iya saurin lanƙwashewarsa, don kwata falle uku ne kawai galibi, ba shi da kaurin da zai yi gardama. Wato da mun bar shi ba fenti ko kaɗan, da bai banƙare kamar yadda ya yi ba. Rabin aikin da muka yi shi ya jawo.

Sai bakuna. Inda zarto ya yanka, nan jijiyoyin itace suke a buɗe, kamar bakin rake in an datse shi. Ta nan ruwa ya fi saurin shiga, nesa ba kusa ba. Ku lura da duk kabad ɗin da ya lalace a gidajenku, daga gindi yake farawa, inda bakin falanki ya taɓa ƙasa yana shan ruwan mopa da na wanke-wanke. Ashe falanki fuska shida gare shi: gaba, baya, da baki huɗu. Mu ɗaya muka shafa muka bar biyar.

Ga yadda ake yi, kamar yadda muka koya kuma muka gwada da hannunmu a kan kayan da muka sake.

Na farko, wajen saye. A dubi bakin falankin a ƙirga fallayen, a ga ko akwai ramuka a tsakani. A ɗaga shi a hanga ta gefe, in tun a shago ya karkace a bar musu abinsu. A tambaya ko gam ɗinsa na cikin ɗaki ne ko mai jure ruwa, don yawancin na kasuwa na cikin ɗaki ne. Mai jure ruwan ya fi tsada, sau da yawa za a ga layin gam ɗinsa baƙi-baƙi a bakin. Allon suna da duk abin da zai zauna a waje, shi ya dace da su. Kuma a san aikin da kwata zai iya. Bayan kabad, ƙofa mai firam, silin, duk zai yi. Hawan kanta da za a jera wa galan-galan na mai kuwa ba aikinsa ba ne, ko an shafe shi da fentin duniya. Wannan sai mai kauri. Nan ma mun yi kuskure, araha ba ta ado.

Na biyu, in an kawo shi gida kada a jingine shi a bango, kada a shimfiɗa shi a kan siminti. A jera sandunan katako huɗu ko biyar a ƙasa, a kwantar da shi a kai, a ɗora masa abu mai nauyi, ya yi kwana uku zuwa mako a ɗakin da zai zauna, ya saba da iskar wurin.

Na uku, kafinta ya gama yanke-yankensa duka kafin a taɓa fenti, amma kada ya kafa. Wannan ita ce gaɓar da ake faɗa da kafintoci, don su sun fi son su buga ƙusa su karɓi kuɗinsu, mai fenti ya zo daga baya. In an riga an kafa, burushi ba zai kai baya ba, ba zai kai bakin da ya shige cikin firam ba. Tun ran gini tun ran zane. A goge da samfefa mai laushi, ana bin jijiyar itacen, a hankali, don fallen sama siriri ne, in aka matsa sai a huda shi. Ramukan baki a cike su da garin zarto da aka kwaɓa da farin gam. A share ƙura da busasshen tsumma.

Na huɗu, fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima, wasu su ce andakot. Shi ne mai shiga jikin katako ya toshe ƙofofinsa, ya ba fentin sama wurin kamawa. A nemi na mai, wanda aka yi don katako. Fentin ruwa da ake shafa wa bango ba ya wannan aiki, ruwan da ke cikinsa ma kumbura fuskar yake yi tun a ranar. Farar ƙasa kuwa ado ce kawai. A sirka shi kaɗan yadda aka rubuta a jikin gwangwani, kada a tsinka shi don a ga ya yi auki. A fara da baya. A juya a ɗora a kan 'yan guntayen katako, a shafe fuska a wannan zaman, ba gobe ba. Sannan a bi bakuna huɗu, a bari su tsotse, a sake bi. Shafa siririya ta fi mai kauri, don mai kauri sama take bushewa ta bar ciki ɗanye.

Na biyar, a bar shi a kwance a inuwa inda iska ke ratsawa, ya kwana, ko fiye in gwangwanin ya ce haka. Kada a kai shi rana don a yi sauri, rana gefe ɗaya take gasawa. In ya bushe a ɗan bi shi da samfefa, a shafa fentin mai sau biyu, ana barin kwana a tsakani. Ƙa'idar dai guda ce, ko an manta komai a riƙe ta: abin da aka yi wa gaba a yi wa baya. In uku ne a gaba, uku ne a baya. Ba sai launin ya zama ɗaya ba. Ragowar fenti kowane launi ya samu, in dai iri ɗaya ne, a kai shi baya.

Na shida, wajen kafawa. Siririn falanki yana son firam, da sanda a tsakiya in yana da faɗi, ƙusa kuma kusa-kusa, kamar taƙi ɗaya tsakani. Inda falanki biyu suka haɗu a bar 'yar kafa kamar kaurin tsinken ashana, don ya samu wurin motsi. Kabad ko sif a yi masa ƙafa, ko a ɗora shi a kan bulo, a kuma janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu. In za a sa maganin gara, muna nufin gara mai cin katako, ba ta amarya ba, a sa wanda fenti ke kamawa a kansa, a bari ya bushe sarai. Baƙin man inji da wasu ke shafawa, fenti ba ya zama a kansa.

Sai lokaci. A watan Agusta katako a ƙoshe yake, in an shafe shi an kulle ruwa a ciki, daga baya fentin ya yi ƙuraje ya ɓare. A tsakiyar hunturu ƙura ce ke bin ɗanyen fenti. Da bazara zafi kan busar da shi tun burushi bai gama shimfiɗa shi ba. Mu dai mun fi jin daɗin aikin da kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. In dole ta sa a yi a wani lokacin, a yi da safe, a cikin rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta.

Nawa zai ci? Fuskar falanki guda ta kusa murabba'in mita 3, gaba da baya 6 ke nan. A gwajinmu galan mai lita 4 yana isar falanki biyar zuwa shida, gaba da baya, shafa ɗaya. Kowa ta je kasuwa ta tambayi kuɗin galan yau, ta tambayi kuɗin falanki shida da ladan kafinta, ta gwada su da kanta. Mu mun gwada bayan aikin gama ya gama, muka ga mun yi tsimin kuɗin fenti mun sayi falanki sau biyu.

Wanda ya riga ya lanƙwashe fa? In fallayensa ba su ɗaye ba, akwai dabara. A shafa wa gefen da ya yi rami jiƙaƙƙen tsumma, a kife shi a wuri mai daidai, a danne da nauyi, a bar shi kwanaki har ya miƙe ya bushe a danne, sannan a shafe shi ta ko'ina. Mun ceto huɗu a haka. Wanda ya ɗaye kuwa sai dai a yi akurkin kaji.

Iyayenmu mata, yanzu ga inda maganar ta fi shafarku: kayan ɗaki. Nawa ne a cikinmu suka yi shekara biyu suna zubi don gado da sif da madubin 'yarsu? Ranar jere kowa fuska yake kallo, ana shafa sheƙi ana sa albarka. Ba mai leƙa bayan sif, ba mai zaro durowa ya kifa ta. Nan ne kuwa ake sa falanki mafi siranta, tsirara, a manna shi da sabon bangon da ko gama bushewa bai yi ba. Damina ɗaya, durowa ta ƙi fita, bayan sif ya ɓalle daga ƙusa, atamfofin lefe su yi warin hunhuna. Sai a ce yarinya ba ta da tsafta, ko dangin miji su ce iyayenta sun yi mata kayan banza. Kallon kitse aka yi wa rogo tun a shagon kafinta. Kafin ki biya cikon kuɗi, Hajiya, ki ce a juya miki kayan. Ki sa hannu ki shafa bayan. In kin ji katako tsirara, ki ce a cire a shafe gaba da baya da baki, ko da za ki ƙara kuɗin fentin daga aljihunki. Ki kuma tambaya ko filawud ne ko katakon nan na garin itace da ake dannewa, wanda ake kira MDF. Shi in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa har abada, don haka bakinsa da gindinsa sun fi bukatar a rufe su.

Kada kuma mu yi muku alƙawarin da fenti ba zai cika ba. Fenti rage saurin shan laima yake yi, ya sa gaba da baya su sha daidai. Bai hana ambaliya ba. Waɗanda ruwa ya shiga gidajensu a 2020 da 2022 sun san abin da ya kwana a cikin ruwa sai dai haƙuri. Amma mu tuna, ambaliya ba kowace shekara take shiga kowane gida ba, laima kuwa ba gidan da take tsallakewa.

Akwai kashedi, don mu masu abinci ne da 'ya'ya. Fentin mai da tina suna kama wuta, kada a yi aikin kusa da murhu ko risho. Kada a yi shi a rufaffen ɗaki. Mai juna biyu da mai goyo da ƙananan yara su nisanci wurin har wari ya fita. Tsummokaran da aka goge fenti a baza su a waje su bushe, kada a dunƙule su a lungu. Hannu a wanke shi da man gyaɗa da sabulu, ba da fetur ba. Gwangwanin fentin mai kada ya koma mazubin kunu ko na ruwan sha. Wasu fentocin mai, musamman masu launin rawaya da ja, ana samun dalma a cikinsu, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Mun ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. A nemi wanda aka rubuta ba dalma a jikinsa, kada a bar yaro kusa in ana goge tsohon fenti. Allon da za a shanya taliya ko a jera cincin a kai, ko an shafe shi, a shimfiɗa masa tsabtataccen ƙyalle ko takarda, kada abinci ya taɓa fenti.

Muna da roƙo huɗu da za mu kawo a zaman wata mai zuwa, muna so ku tafi da su gida ku yi shawara. Ɗaya, duk wadda za ta karɓi bashin ƙungiya don kanta ko kabad ko shogilas, a sa kuɗin fenti na gaba da baya a cikin lissafin tun farko. Biyu, a riƙa sayen galan da sunan ƙungiya ana raba wa mutum uku ko huɗu, don mai ƙaramin aiki ba ta bukatar galan guda, kuma ragowar bushewa take yi. Uku, duk wadda za ta karɓo kayan ɗakin 'yarta, in tana so, biyu daga cikinmu za su raka ta su duba, ba ko sisi. Huɗu, a zaɓi 'yan mata shida daga cikin 'ya'yanmu su koyi wannan aiki a Nuwamba, ranar da za mu sake shafe kayan shago. Aiki ne da ake yi a tsakar gida, ba ya son ƙarfi, haƙuri yake so da tsafta, kuma ana biya. Mazajenmu, ku ma da ku muke. In ta ce a juya sif a shafe bayansa, a taya ta ɗagawa, kada a ce ɓarnar kuɗi ce.

Saura nauyin da muka ce za mu sauke. Yaya ma'ajiya, ga mu a gaban iyayenmu da mazajenmu da 'ya'yanmu. Falankin da kika sayo mai kyau ne, canjin da ya rage kin kawo shi cif, mu muka ƙirga. Mu huɗun nan ne muka hana mai fenti yin aikinsa, kuma da aka ɗora miki laifi muka yi shiru don kunya. Kin zauna kin bi gida-gida kin sake haɗa lissafin wata ukun nan, ba ki taɓa buɗe baki kin ambaci sunanmu ba, alhali kina wurin ranar da muka yi wa dattijon dariya. Ki yafe mana. Cikin biyun da suka fita, ɗaya ta dawo, ga ta nan zaune. Ɗayar kuma mun je gidanta shekaranjiya mun gaya mata abin da muka gaya muku yanzu, ta ce za ta yi tunani. Kujerarta tana nan.

Shi ma dattijon mai fenti mun aika masa da goron wannan taro da tasa kular abincin. Ɗan aiken ya ce da ya ji saƙon sai ya yi murmushi ya ce, "To yanzu wa ya ga bayansa?"

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kawo mana damina mai albarka ba mai ɓarna ba, ya mai da kowa gidansa lafiya.